Kiɗan Kashi na Biyu

Duk ɗan kabu-kabun da ya san ciwon kansa, karatun Alƙur'ani yake kunnawa in dare ya riske shi a hanyar Fakku. Ban da Gidaɗo. Shi goge karatun ya yi daga wayarsa, ya zuba kiɗan wani ƙazamin fim na Turawa, kashi na biyu, inda ƙato ke yanka mutane kamar awaki. Jita na kururuwa, ganga na dukan ƙirji. Tir!

Da wannan haukan ya baro Kebbe, sai wani dattijo ya tsayar da shi. Yana hawa bayan babur, ƙarnin tsohon jini ya turnuƙe Gidaɗo. Rigar mutumin jiƙe take, tana manne a bayan Gidaɗo.

"Baba, mahauci kake?"

"Ja mu tai, yaro."

Gidaɗo ya kashe wayar, ya lalubi addu'a a bakinsa, babu ko ɗaya. Kiɗan kuwa bai tsaya ba. Daga maƙogwaron dattijon yake fitowa, daf da kunnensa.

"Don mi kak kashe? Ai wanga wuri kaf fi so."

Gidaɗo ya san wurin sarai. A fim ɗin, nan ne ake zare wuƙa.