Lanƙwasar Ƙosai

"Malam Ɗanjuma, wai har yau abin bai haɗu ba?"

Wata amarya ce a wani gari ta ji wannan tambaya daga ɗaki. Mai tambayar Hajiya Tabawa ce, mai sayar da ƙosai. Ta ba mijin amaryar aikin haɗa manhajar cinikinta da wani shafin intanet inda 'yarta ke rubuta labarin girki, don masu karatu su riƙa sayayya daga can.

"Hajiya, kwana huɗu ina fama."

"To, jibi in bai haɗu ba zan kai wa wani. Na gaji da sintiri."

Ya gwada, abin ya ƙi. Ya murza ido, ya sake gwadawa, abin ya ƙi.

Da amarya ta kawo masa abinci, sai ta saci kallon kwamfutar. Karatunta bai wuce firamare ba, amma ta ga sunan shafin a wuri biyu: nan ƙosai, harafin farko da lanƙwasarsa, can kosai, harafin a miƙe.

Kunya ta hana ta yi wa miji gyara. Sai ta ce, "Maigida, koya mini. Me ya sa wannan ke da lanƙwasa, wancan babu?"

Ya duba, ya canza harafi ɗaya, abin ya haɗu.

Da Hajiya ta dawo ta ce, "Kai, Malam, kanka na ja!"

Ya buɗe baki zai faɗi gaskiya, ya dubi matarsa. Ta girgiza masa kai, ta koma wanke-wanke. Ta ƙudurta ko mahaifiyarta ba za ta ji ba.