Ƙahon Marigayi Yaro

Ranar Talata da hantsi, cikin ranin 1994, Fasto Daniyel ya shigo komisariyar 'yan sanda ta Madarounfa. An sace ƙahon tagulla na majami'arsu, wanda 'yan mishan suka bari tun zamanin Turawa.

Sufeto Ɗanjuma ya bi shi majami'ar. Ya duba kabad ɗin da ake ajiye ƙahon. Ba a fasa kwaɗo ba.

"Su wa ke da makulli?"

"Ni da Manasse maƙeri, sai Loisa mai shara."

"Me ya sa sai yanzu aka sace shi?"

Fasto ya sunkuyar da kai. Ya ce Manasse ya yi sati ukku yana gyaran ƙahon, ya miƙe lanƙwasarsa, ya goge shi da tsamiya da toka har ya yi ƙyalli. Wani dillali daga Ɗan Issa ya gani, ya yi masa kuɗi dala dubu arba'in. Dattawan majami'a suka yarda a sayar, a sayi kwanon rufi kafin damina.

Sufeto ya iske Manasse a maƙera.

"Rabona da majami'a tun Lahadi, ranka ya daɗe."

"Fasto ya ce wata mai waina ta gan ka a ƙofar majami'ar jiya da safe."

Manasse ya ajiye guduma. "Na je in yi masa kallon ƙarshe, na tarar babu. Tsoro ya hana ni faɗa. Amma akwai abin da ya ɗaure mini kai. Tsohon bakin ƙahon da na cire, wanda ya tsage, shi ma an ɗauke. Ko dala ba zai yi ba."

"Wa ke hura shi da?"

"Marigayi Yaro, mijin Loisa. Shekara arba'in. Bara ya rasu."

Gidan Loisa na bakin gari. Tsohuwa ce siririya, tana tsince wake a faifai.

"Inna, ina kika je jiya?"

"Ba ko'ina, ɗana. Ƙafa ta hana."

Sufeto ya ɗauki hauyar da ke jingine da rumbu. Jar ƙasa ta manne a bakinta, ba ta gama bushewa ba.

"Wa ke noma cikin rani, Inna?"

Ta ajiye faifan.

"Haƙoran mijina biyu suka zube a kan ƙahon nan," ta ce a hankali. "Ko sau ɗaya ba a biya shi ba, bai kuma tambaya ba. Da za su sayar, babu wanda ya zo ya ce mini komai. Na kai masa kayansa."

A maƙabarta suka tono ƙahon, kamu biyu daga saman kabarin Yaro, naɗe cikin zane. Wajen binnewa ta danna shi da hauya, ya lotse, bututun ya karye. Manasse ya juya shi a hannu, ya girgiza kai. Ba zai sake gyaruwa ba.

Fasto ya so a bar maganar, amma an riga an rubuta ƙara, dattawa kuma suka ƙi janyewa.

"Mu tafi, Inna," in ji Sufeto.

"To. Amma kada a bar shi a buɗe."

Sufeto ya karɓi hauyar, ya mayar da ƙasar da kansa. Sannan ya riƙe mata hannu har bakin mota.