Tsiron da Ya Fito da Tukunyarsa

Akwai wata yarinya a Riyad da ba ta son jin sunan Rahma, 'yar ajinsu. Rahma ba ta yi mata komai ba. Laifinta ɗaya, ko tari ta yi sai malamai su ce, "Masha Allah!"

Wata rana Malama Haoua ta ce, "Ran Asabar za mu taka sahara da ƙafa. Wadda ta gano tsiro ko ƙwaro mafi ban sha'awa, hotonta zai hau allo."

Asabar da safe yarinyar ta sunkuci sabbar ɗin Mama daga taga, tsiron nan mai ƙaya. Ta cusa shi a jaka. Ƙaya ta soke ta.

Suna cikin tafiya Rahma ta tsuguna. "Malama, ga buzuzu yana tura kashin raƙumi da baya!"

"Masha Allah!" in ji Malama.

Yarinyar ta cije leɓe. Har kashin raƙumi ma sai an yaba?

Ta zagaya bayan wani dutse, ta tona rami, ta binne tsiron. "Malama, ku zo ku ga abin da na gano!"

Malama ta duƙa, ta share yashi da yatsa. Sai ga bakin jar tukunyar roba.

"Ikon Allah! Saharar nan har tukunya take ba tsironta?"

Yara suka fashe da dariya. Yarinyar ta sunkuyar da kai. "Na Mama ne. Ni ma so nake a yaba mini."

A hanyar komawa tana can baya ita kaɗai. Sai ta ga Rahma ta tsinke wani faffaɗan ganye. Farin ruwa ya ɓata mata yatsu, ga ta za ta sosa ido.

"Kul, Rahma! Tumfafiya ce! Kakata a Maraɗi ta ce ruwanta yana lalata ido."

Ta juye mata gorar ruwanta a hannu.

"Gaskiya ne," in ji Malama. "Kin ga, kin san abin da duk ajin nan ba su sani ba. Hassada ce ta hana ki gani, ta sa ki ƙarya. Ku tsaya tare gefen tumfafiyar nan in ɗauke ku hoto."

Rahma ta rungumo ta. "To wa zai riƙe tsiron Mama mai ƙaya? Ni dai ban da ni!"