Agogon Tsoho na Ƙarshe

Maigidan ɗan kwangila ne, kuma ba abin da yake so kamar agogon hannu. Ba na batir ba, irin wanda ake murɗawa kafin ya yi aiki, wanda maƙeri guda ke zama shekara yana haɗawa da hannunsa. Goma sha ɗaya yake da su a akwatin gilashi. Matarsa takan ce da agogo na cin abinci, da su sai dai su lashi tukunya.

Na goma sha biyun ya samo shi ne wajen matar wani tsohon maƙeri da ya rasu. Ta ce shi kaɗai mijin ya bar mata, ba na sayarwa ba ne. Ya yi ta aika mata mutane, har ya sa mai gidan da take haya ya yi mata barazanar kora. Ta miƙa shi tana kuka.

Ran da ya kawo shi, ana kiran magariba, yana goge bayansa na gilashi yana kallon ƙananan ƙafafun ciki suna juyawa, sai sauran goma sha ɗayan suka tsaya lokaci guda. Ɗakin ya yi tsit. Sai tsakuwa ta fara sauka a kan kwanon rufi, ɗaya bayan ɗaya, daidai da bugun sabon agogon.

Kwana uku ana haka. A na huɗu 'yarsu, wadda ke karatun jinya, ta faɗi a ƙofar kicin. Da ta tashi muryar ba tata ba ce. Ta riƙa buga wuyan hannunta a bango har ya kumbura, maza biyu sun kasa riƙe ta.

Aka ɗauko malami mai ruƙiyya. Ya daɗe yana karatu kafin abin ya yi magana. Ya ce shekara arba'in yana zaune a shagon tsohon yana sauraron aikinsa, kuma ya ga yadda aka karɓe agogon. Malam ya umarce shi ya ji tsoron Allah ya fita.

"Zan fita," in ji muryar. "Ubanta ya sa guduma ya fasa agogon a gabana. In ya ƙi, na tafi da hannunta."

Uwar ta ruga ta kawo guduma ta danƙa wa mijin. Ya ɗora agogon a kan tebur. Ya ɗaga hannu, ya tsaya. Ya dubi malam, murya ƙasa-ƙasa.

"Malam, babu wata hanya? Irinsa guda ne a duniya."

Uwar ta durƙusa ta kama ƙafar mijin. Shi kuwa yana tsaye, zufa na zuba, gudumar na sama.

Muryar ta yi dariya. Ta ce a bar agogon, ta sami abin da ya fi shi: yarinyar tana ciki, idonta biyu, ta ji komai. Sai jikin ya saki.

Da ta farfaɗo ba ta yi kuka ba. Uban ya matso yana kiran ta 'yar baba. Ta dubi agogon da ke kan tebur, ta dube shi.

"Minti huɗu, Baba," ta ce. "Ina kallon allurar agogon."

Bayan sati ta koma gidan ƙanwar uwarta. Hannun ya warke. Har ya mutu, in ya kira wayarta, takan bar ta ta yi ta ƙara.