Sunan da Sallau Ya Kira

Ku matso kusa. Ke Ladidi, in kin san za ki jiƙa tabarma, tashi tun yanzu.

Kun san Sallau, mai zaman nan a bakin tsohon siton auduga? Da ba haka yake ba. Shi ne mai kula da dandali a ƙungiyar wasan kwaikwayon garin nan. Labule, fitila, kayan sawa, duk a hannunsa suke. Ba mai shiga fili sai ya dafa masa kafaɗa. In an tashi kuma, sai ya kira kowa da sunansa na yanka, ido cikin ido, don kada mutum ya tafi gida da wanda ya kwaikwaya a jikinsa. Haka ya gada wurin maigidansa.

Ƙanensa Ilu shi ke fitowa a gawa. Uwarsu ta ƙi jinin abin nan. Sallau ya ce mata, "Inna, ni ke kwantar da shi, ni ke tashinsa."

Ran nan suka yi wasa a cikin siton, gab da magariba. An shimfiɗe Ilu cikin likkafani. Masu fitowa a 'yan makoki sun yi layi bayan labule, Sallau na dafa su ɗaya bayan ɗaya. Na ƙarshe dogo ne, rawani ya rufe masa fuska.

"Malam, lokacina ya yi?"

Muryar kamar daga cikin rijiya. Sallau na sauri, ya dafa shi. Kafaɗar sanyi ƙalau. Sai da mutumin ya wuce ya lura: gaba yake tafiya, yatsun ƙafarsa na kallon baya.

Dogon ya je ya zauna wajen kan gawar. Bai yi kuka ba. Kallo kawai.

Hadari ya taso, janareta ya mutu, 'yan kallo suka watse. Sallau ya durƙusa yana naɗe waya, yana kiran sunaye. Tsoro ya hana shi ɗaga kai.

"Ilu!"

"Na'am, Yaya."

Muryar Ilu ce sak. Amma daga bakin ƙofa ta fito, Ilu kuwa ga shi kwance a gabansa.

Ya yaye likkafanin. Ido a buɗe, numfashi na fita, amma ba kowa a ciki.

An yi rubutu, an yi hayaƙi, an kai asibiti. Shiru kake ji. Innarsu ba ta zage shi ba, gara ma da zagin ta yi. Cewa kawai take, "Sallau, ka ce kai ke tashinsa." Har ta rasu tana faɗin haka.

Ilu na nan a ɗaki, ana ba shi kunu da cokali. Sallau kuwa duk magariba yana ƙofar siton yana kira. Wallahi da kunnena na ji an amsa daga ciki. In ya shiga, ba kowa. Tausayinsa na ci mini rai.

Kada in ji ɗayanku ya bi ta siton nan shi kaɗai. In kuma za ku kira sunan wanda kuke ƙauna, ku ga fuskarsa tukuna.