Bayan Kabad ɗin Hajja Kaka

Da hantsi Hajja Kaka ta iso ofishin 'yan dokan Kazaure, idanunta jajur. Mundayen azurfa shida da ta gada wurin mahaifiyarta sun ɓace daga cikin kabad, alhali kwaɗon yana nan a kulle.

"Haladu kafinta ne, yallaɓai," ta ce wa Sufeto Halliru. "Shi ya haɗa kabad ɗin, shi ya sa kwaɗon."

Kafin azahar an kawo Haladu, dattijo mai furfura. In aka tura shi gaban alƙali, sunan da ya yi shekara talatin yana ginawa ya tafi ke nan. Sufeto dai ba mai gaggawa ba ne, har abokan aikinsa kan yi masa tsiya cewa ko tuwo sai ya yi masa tambayoyi kafin ya ci.

Suka ɗunguma gidan Hajja, har da Haladu. Sufeto ya duba kwaɗon, babu ko ƙwarzane. Sai ya lura da sabon yaɓe a bango.

"Hajja, wa ya yi miki wannan aikin?"

"Daudu, ɗan ƙanena, mai shayi a bakin kasuwa. Ranar da na tafi suna Roni."

Aka kira Daudu. Ya durƙusa ya ce, "Wallahi ban ko matsar da kabad ɗin ba, kewaye shi na yi."

Sufeto ya sa aka janyo kabad ɗin. Bangon da ke baya ya sha yaɓe sumul, har ƙasa. A bayan kabad ɗin kuwa katakai huɗu ne, duk ja, amma gara ta yi hanya a kan guda ɗaya tak.

"Malam Haladu, da me kake rufe baya?"

"Maɗaci, ranka ya daɗe. Baya shi ke jingine da bangon ƙasa, nan gara ke fara shiga. Maɗaci kuwa ɗacinsa ke korarta. Mutane na cewa ɓarna nake, wai wa zai ga baya?" Ya shafa katakon da gara ta bi, ya daki ƙirji. "Wannan ba aikina ba ne! Jar ƙasa aka shafa masa."

Sufeto ya ɓamɓare katakon da wuƙa, ya juya shi. Ga tambarin kamfani ɓaro-ɓaro, ga burbushin ganyen shayi maƙale a tsagarsa.

"Daudu, akwatin shayinka nawa ne babu murfi?"

Daudu ya sunkuyar da kai, gumi na tsattsafo masa. "Da na janye kabad ɗin don yaɓe ne Shaiɗan ya rinjaye ni. Katakon baya ɗaya ya tsage wajen cirewa, na maye shi da wannan. Mundayen suna cikin buhun sukari, ban sami zuciyar sayarwa ba. Ki yafe mini, Gwaggo."

Aka tasa ƙeyarsa zuwa ofis. Sufeto ya ji daɗi har ransa, don tun farko bai so ya ga dattijon nan a ɗaure ba.

Hajja ta rasa inda za ta sa fuskarta don kunya. "Malam Haladu, na zalunce ka."

"Ya wuce, Hajja," in ji shi, yana auna gurbin da taƙinsa. "Sai dai kada a mayar da kabad ɗin jikin bango yau. Gobe zan zo da maɗaci."