Sai Tallar Ta Ƙare

Ina yankan hannun riga ƙanin mijina ya kira ni, ya ce sun yi hatsarin mota, yayansa ya rasu. Na ajiye almakashi. Wallahi abin da ya fara faɗo mini a rai rigimarmu ta farko ce.

Mijina gyaran keken ɗinki yake yi, yana kuma koyarwa a bidiyo. Lokacin da kekena ya riƙa tsinka zare na kai shagonsa, na buɗe masa bidiyonsa a wayata, na ce duk na bi abin da ya faɗa amma shiru.

Ya kalli wayar. "Ina tallar?"

"Ƙanena ya sa mini abin toshe talla."

"Ashe ɓarauniya ce ta shigo mini shago. Da tallar nan ake biyana fa."

"Malam, idona ne. Na ɗauki wani abu naka?"

Ya yi dariya har ya zubar da man keke. Da yamma saƙonsa ya shigo: "Ɓarauniyata, kekenki ya warke. Ni ne ban warke ba."

Baba, wanda shi ma tela ne, ya ce ba zai ba da 'yarsa ga mai cin abinci da tsare mutane kallon tallar sabulu ba. Wani mai sayar da yadi yake so mini. Na rame, ɗinki ma ya fita raina.

Ana haka tsohon keken Baba ya tsaya cak, ga kayan mutane jibge. Wata safiya na ji tallar sabulu a ɗakinsa. Na leƙa, sai ga Baba, tabarau a kan hanci, yana jiran bidiyon masoyina ya fara.

"Baba, danna nan ta wuce."

"Bar ta. Yaron nan ya yi aiki."

Keken ya tashi. Aka ɗaura aure, Baba ya sa mana albarka.

Har Allah ya ɗauke mijina ba mu daidaita a kan tallar ba. Shi ya ce sata ce, ni na ce ba sata ba ce. Na so mu tsufa muna wannan gardamar, ba ta ishe ni ba. Allah ya jiƙanka, abokin faɗana.

Na cire abin toshewar. Kullum kafin in hau keke sai na buɗe bidiyonsa, in zauna hannuna a cinya har tallar ta ƙare. Sannan ya yi sallama, ni kuma in amsa.